Ynés Mexía: tambayoyi da amsoshi kan matar da ta fara tara tsirrai tana da shekara 55

Wannan shafi ya tattara tambayoyin da ɗaliban ilimin tsirrai da sauran masu karatu suka fi yi game da Ynés Mexía da irin aikin da ta yi suna a kansa: shiga daji a ɗebo tsiro, a matse shi, a busar, a rubuta bayaninsa, a kai shi ma'adanar busassun tsirrai da ake kira herbariyom.

Wace ce Ynés Mexía?

An haife ta ranar 24 ga Mayu 1870 a birnin Washington na Amurka. Mahaifinta, Enrique Mexía, jami'in diflomasiyyar Meksiko ne, mahaifiyarta Sarah Wilmer kuwa Ba'amurkiya ce. Kakanta shi ne Janar José Antonio Mexía, kuma garin Mexia da ke jihar Texas sunan gidansu ya ci. Ta rasu ranar 12 ga Yuli 1938 a Berkeley, jihar Kalifoniya, tana da shekara 68, sakamakon sankarar huhu.

Duk aikin da aka san ta da shi ya auku ne cikin shekara 13 na ƙarshen rayuwarta. A wannan ɗan tsakani ta tara samfurin tsirrai kusan 145,000 daga Alaska har zuwa ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, kuma masana suka fitar da sababbin nau'o'i kusan 500 daga cikinsu.

Me take yi duk shekarun da suka gabata?

Babu abin da ya haɗa ta da kimiyya. Ta zauna a birnin Meksiko tana jinyar mahaifinta har ya rasu a 1896. Mijinta na farko, ɗan kasuwa Herman de Laue, ya rasu a 1904. Ta kafa sana'ar kiwon kaji a gonar gidansu, ta sake aure, miji na biyu ya karya sana'ar, auren ma bai yi ƙarko ba. A 1909, tana dab da shekara 40, ta tafi San Francisco neman magani bayan matsananciyar damuwa ta kwantar da ita, ta kuma yi zamanta a can.

Likitanta ya ba ta shawarar ta riƙa fita shan iska da tafiyar ƙafa. Ta haka ta shiga ƙungiyar Sierra Club ta masu hawan duwatsu, da ƙungiyar Save the Redwoods League mai fafutukar hana sare manyan itatuwan Kalifoniya. Waɗannan yawace-yawace ne suka koya mata kwana a tanti, da doguwar tafiya, da lura da abin da ke fitowa daga ƙasa. A 1921, tana da shekara 51, ta shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

Ta samu digiri?

A'a. Ta ɗauki darussa na shekaru, tana zuwa tana dawowa, amma ba ta kammala digiri ba har ta koma ga Mahaliccinta. Cikin waɗanda suka koya mata sana'ar hannu akwai Alice Eastwood, shugabar sashen tsirrai a Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke San Francisco.

Yaya tafiyarta ta farko ta kasance?

A 1925 ta bi Roxana Ferris, masaniyar tsirrai ta Jami'ar Stanford, zuwa jihar Sinaloa a yammacin Meksiko. Tafiyar ta yanke ne ba shiri: ta faɗo daga gefen dutse, ta karya haƙarƙari, ta ji ciwo a hannu. Duk da haka ta komo da tsirrai kusan 500, kuma a cikinsu aka sami wanda aka raɗa wa *Mimosa mexiae*.

Darasin da ta ɗauka daga nan shi ne ta fi son ta zama mai jan ragamar tafiyarta. Tana jin Sifaniyanci kamar 'yar gari, ta san yadda ake ciniki da masu alfadarai da 'yan jagora, ba ta ƙyamar kwana a gidan manomi. Wannan ya ba ta damar da yawancin masanan Amurka na lokacin ba su da ita, domin su sai da tafinta.

Ina da ina ta je bayan nan?

Daga ƙarshen 1926 zuwa 1927 ta yi wata bakwai a jihohin Sinaloa da Nayarit da Jalisco, bisa doki da alfadari da ƙafa, ta komo da samfuri kusan 33,000. A 1928 ta je gandun dajin Dutsen McKinley a Alaska, gandun da yanzu ake kira Denali, ta tara kusan 6,100.

Babbar tafiyar ita ce ta 1929 zuwa 1932. Ta fara da Barazil tare da Agnes Chase, ƙwararriyar masaniyar ciyayi, suka rabu, ita ta zauna a kwalejin aikin gona ta Viçosa a jihar Minas Gerais tana tara tsirran tsaunukan yankin. Daga nan ta shiga kogin Amazon da jirgin ruwa har Iquitos a ƙasar Peru, ta ci gaba da kwale-kwale a kogin Marañón zuwa matsatsin Pongo de Manseriche, inda kogin ke ratsa duwatsu da ƙarfin gaske. Damina ta tsare ta kusan wata uku a ƙasar mutanen Aguaruna. Da za a sauko, gungumen itacen balsa aka ɗaɗɗaure wuri guda aka yi masa rumfa, aka ɗora ta da kayanta. Abin da ta kawo daga wannan tafiya ya kai samfuri 65,000.

A 1934 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta tura ta Ekwado, inda ta nemo itacen sinkona da ake samun maganin kwinin a ɓawonsa, da wani dogon itace mai kama da giginya da ke fid da kaki a jikinsa, can kan tsaunuka kusa da iyakar Kolombiya. Ta kuma shiga ayarin Farfesa T. Harper Goodspeed na Berkeley, mai binciken dangin taba a tsaunukan Andes, sannan ta zarce kudu har mashigin ruwan Magellan. Tafiyar ƙarshe, 1937 zuwa 1938, a jihohin Guerrero da Oaxaca ta yi ta. Can ciwon ya tsananta, ta komo da samfuri kusan 13,000.

Mutum ɗaya ya tara 145,000 cikin shekara 13? Anya lissafin nan daidai ne?

Daidai ne, amma sai an gane abin da ake ƙirgawa. Mai tara tsirrai yana ba kowane tsiro da ya ɗiba a wuri ɗaya, rana ɗaya, lamba ɗaya. Daga wannan tsiro sai ya yanko rassa da yawa, kowanne a takardarsa, duk da lamba iri ɗaya. Lambobin Mexía ba su wuce kusan 9,000 ba. Raba 145,000 da wannan, za ka ga kowace lamba tana da kwafi wajen goma sha shida.

Kada wannan ya rage mata daraja a idon mai karatu, domin a nan wahalar take. Yanko reshe ɗaya mai fure abu ne mai sauƙi. Samo rassa goma sha shida daga itace ɗaya, kowanne da ganye lafiyayye da fure ko 'ya'ya, a matse su kafin su yi yaushi, a busar da su duka a cikin damina, a ɗora wa alfadari, wannan shi ne aikin.

Amfanin kwafi kuwa biyu ne. Na farko, masani a Boston da masani a Landan za su duba tsiro ɗaya ba tare da sun haɗu ba. Na biyu, gobara da yaƙi. A watan Maris na 1943 bama-bamai suka ƙone mafi yawan herbariyom na Berlin, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Tsirran da ke da kwafi a wasu birane an ci gaba da aiki da su, waɗanda ba su da shi sun tafi ke nan.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata?

Kayan ba su canza sosai ba tun zamaninta. Ginshiƙin aikin shi ne katakon matsi: firam biyu na siraran katako da aka giccita kamar raga, kowanne santimita 30 da 45, da ɗamara biyu masu ƙarfi na ɗaurewa. A tsakaninsu ake jera tsohuwar jarida, da takarda mai kauri mai shan ruwa, da kwali mai ramuka a cikinsa irin na katan.

Sai almakashin yankan reshe, wuƙa, ƙaramar sanda mai baki ta tonon saiwa, doguwar gora mai ƙugiya don rassan sama, madubin ƙara girma mai ninki goma, ƙananan ambulan na iri da furen da ya karkaɗe, littafin rubutu mai kauri, da fensir. Fensir ɗin ba tsohon yayi ba ne: tawada tana narkewa idan ruwa ko sifirit ya taɓa ta, fensir ba ya yi. Abin da aka ƙara a yau shi ne waya mai nuna lambobin wuri, kyamara, da ledoji.

Yaya ake ɗiba da matsewa, daki-daki?

A nemi tsiro mai fure ko 'ya'ya, in da hali duka biyu. Reshe mai ganye zalla yawanci ba ya isa a gane nau'i, kuma herbariyom da yawa ba sa karɓarsa. Ƙaramin tsiro da ciyawa a tono su da saiwa, a kaɗe ƙasar. Na itace a yanko reshe kamar santimita 30 zuwa 35, domin takardar da za a liƙa shi a ƙarshe santimita 29 da 42 ce. Ciyawar da ta fi takarda tsawo a karya ta ta yi lanƙwasa biyu ko uku masu kaifi, kada a naɗe ta.

Nan take a rubuta lamba a littafi da kuma a gefen jaridar. Sai a shimfiɗa tsiron cikin jaridar da aka ninka, a baje ganyen kada su hau juna, a juya ɗaya ko biyu bayansu ya dubi sama, tun da gashi da jijiyoyin bayan ganye na cikin abin da masani ke dubawa, kuma da zarar an liƙa samfuri ba a sake juya shi. In ganye ya yi yawa a rage, amma a bar ɗan guntun sandar ganyen a jikin reshe don a san yadda suke jere. A tsaga fure ɗaya a buɗe shi a ga cikinsa.

Jerin kuwa haka yake: kwali, takarda mai shan ruwa, jarida da tsiro, takarda mai shan ruwa, kwali, a sake. Ramukan kwalin duka su bi faɗin katakon, ba tsawonsa ba, don iska ta ratsa. A ɗora gwiwa a ja ɗamara iya ƙarfi. Bayan sa'a 12 zuwa 24 a buɗe: a lokacin tsiron ya yi laushi, sai a gyara ganyen da ya naɗe. Wannan ita ce dama ta ƙarshe ta gyara. A riƙa ƙara jan ɗamara kullum, don tulin yana sauka yayin da ruwa ke fita, kuma matsin da ya saki shi ke sa ganye ya yamutse.

A daji mai ruwa kamar Amazon, ta yaya tsiro zai bushe?

Wannan ce matsalar da ta fi kashe aikin masu tara tsirrai a ƙasashe masu zafi da danshi. Tsiron da ya kwana uku ko huɗu a jiƙe cikin jarida zai yi funfuna, ganyen ya yi baƙi, 'ya'yan su ruɓe. Rana kaɗai ba ta isa ba inda iskar kanta cike take da ruwa.

Dabarar ita ce zafi daga ƙasa. Ana kafa katakon matsi a gefensa bisa wani firam, kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya sama da risho ko fitilun kananzir, a kewaye ƙasan da tamfol don zafin ya bi ta ramukan kwali ya fita ta sama. Zafin da ake so digiri 35 zuwa 45 ne. A haka yawancin tsirrai suna bushewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. In zafi ya wuce kima, tsiron dahuwa yake yi: ya zama ruwan ƙasa, ya yi ƙarau, ya farfashe da an taɓa. Ga kuma haɗarin gobara, tun da busasshiyar jarida ce tuli guda a kan wuta, saboda haka ba a barin ta babu mai gadi, ko da dare.

Idan babu wuta, sai a riƙa canza takardun shan ruwa kullum, kwanakin farko ma sau biyu, a shanya jiƙaƙƙun. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: a ɗora bayan hannu a kan ganye. In ya yi sanyi, da sauran ruwa. In an ɗaga reshen ya tsaya a miƙe bai sunkuya ba, ya yi.

Akwai hanya ta uku da ke ɗauke da sunan Georg Schweinfurth, Bajamushen da ya yi bincike a Sudan da tsakiyar Afirka wajen 1870. Ana matse tsirrai kwana ɗaya, a ciro jaridun a ɗaure su dami mai kaurin kamar santimita 15, a sa a leda mai kauri, a zuba sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari har takardun su jiƙe ba tare da ya taru a ƙasa ba, a rufe kam. Haka zai yi makonni bai ruɓe ba har a kai gari a busar. Aibinta shi ne launi yana tafiya, kuma ƙwayoyin gado na tsiron suna lalacewa. Shi ya sa a yau ake ware ɗan ganye a ƙaramar leda da ƙwayoyin silika masu shanye danshi, nauyin silikar ya ninka na ganyen kamar sau goma.

Waɗanne tsirrai ne suka fi ba da wuya?

Masu tara ruwa a jiki, irin kaktus da ke cike da Meksiko. Waɗannan ba sa mutuwa a cikin matsi, wasu har toho suke yi bayan wata guda. Dole a kashe su tukuna: a tsaga, a kwashe naman ciki, ko a tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ko a sa a firiza. Manyan 'ya'ya da saiwa mai kauri a yanka su fale-fale, a tsaye da a gicce.

Dangin dabino da giginya kuwa girma ne matsalarsu. Ganye ɗaya zai iya kai mita huɗu, sai a ɗauki gindinsa, da yanki daga tsakiya, da ƙarshensa, a auna tsawon duka a rubuta, a ɗauki hoto. Tsiro ɗaya ya kan cinye takarda biyar ko fiye. Furanni masu laushi suna manne wa jarida, don haka a sa su tsakanin siririyar takarda marar rubutu, kada a ɗaga su sai sun bushe. Itatuwa masu ƙananan ganye, kamar dangin *Mimosa* da ita Mexía ta tara da yawa, ganyensu naɗewa yake da zarar an yanke, ya kuma karkaɗe in bushewa ta yi jinkiri. Irin waɗannan a gindin itacen ake matse su, ba a jira a koma masauki.

Me ake rubutawa a littafi, kuma me ya sa ake ta nanata shi?

Saboda busasshen tsiro marar bayani ba shi da wani amfani ga kimiyya, komai kyansa. Abin da ba ya wuce rubutawa: sunan mai ɗiba da lambarsa, rana, ƙasa da jiha da gari mafi kusa, nisa da shiyya daga wata alama tabbatacciya, tsayin wurin daga teku, irin ƙasar da tsirran da ke kewaye. Sai duk abin da bushewa za ta ɓatar: tsawon itacen, launin fure, ƙanshi, ko yana fid da ƙaro ko farin ruwa in an yanka, kamannin ɓawo. Sai sunan da mutanen wurin ke kiransa da abin da suke yi da shi.

A nan ne samfuran Mexía suka yi fice. Ta kan tambayi manoma da 'yan jagora, kuma da yake da harshensu take magana, takardunta suna ɗauke da sunayen gida da amfanin tsirrai. Kuskuren da ya fi yawa ga sababbin shiga shi ne barin rubutu sai dare. Bayan tsiro talatin, ba wanda zai tuna wanne ne furensa ruwan ɗorawa, wanne ne fari.

Lamba kuma ɗaya ce tak har abada. Ba a sake farawa daga 1 kowace shekara, ba a ba tsiro biyu lamba ɗaya.

Wa ke kula da kayan tana daji?

Nina Floy Bracelin, wadda sunanta ya kamata ya riƙa tafiya tare da na Mexía. Akwatuna suna isowa Berkeley, ita ce ke buɗewa, ta daidaita kowace jarida da bayanin da ke littafi, ta buga takardun bayani, ta rarraba kwafi kashi-kashi, ta aika kowane dangin tsiro wurin masanin da ya ƙware a kansa, ta bi sawun amsa, ta riƙe lissafin kuɗi. Mexía ba ta da haƙurin wannan aikin tebur. Akwai masu tara tsirrai da yawa da kayansu suka yi shekaru a ɗaure cikin jarida har ƙwari suka cinye, don ba su sami mai irin wannan hidima ba.

Ita ce ta raɗa wa sababbin nau'o'in suna?

Ba ita ba ce. Aikinta nemowa da kawowa. Masanin dangin tsiron ne ke kwatanta samfurin da duk makamantansa, in ya tabbata babu irinsa, ya rubuta siffarsa, wadda a wancan zamani da Latin ake yi, ya buga a mujallar kimiyya, ya ayyana samfuri ɗaya a matsayin ma'auni. Duk wata gardama kan wannan suna nan gaba, wurin wannan takarda ɗaya ake komawa. Don haka ake ajiye su daban, yawanci cikin fayil mai jan baki. A girgizar ƙasa da gobarar San Francisco ta 1906, irin waɗannan samfura kusan 1,500 ne Alice Eastwood ta fitar daga ginin cibiyarsu kafin wuta ta cinye sauran.

A 1928 Benjamin Lincoln Robinson na Jami'ar Harvard ya kafa sabon jinsi sukutum, wato rukunin da ke sama da nau'i, daga abin da ta kawo daga Jalisco, ya sa masa *Mexianthus*. Nau'o'i kusan 50 suna ɗauke da sunanta, cikinsu har da *Salvia mexiae* da *Begonia ynesiae*.

Wa ya biya kuɗin tafiye-tafiyen?

Tana da ɗan abin hannu na gado, tana kuma samun kuɗi daga sayar da kwafi. Gidajen ajiya suna sayen kashi guda cikakke, ana biya bisa yawan samfuri. Wannan ma na cikin dalilin tara kwafi da yawa. Ta kuma yi lacca da hotunan da ta ɗauka, ta rubuta labaran tafiyarta a mujallar Sierra Club da mujallar Madroño. Samfuranta suna Berkeley, da Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, da Harvard, da gidan tarihi na Field a Chicago, da Smithsonian a Washington, da lambun tsirrai na Kew a Ingila, wasiƙunta da littattafan aikinta kuma suna ɗakin karatu na Bancroft na jami'ar Berkeley. A wasiyyarta ta bar kaso mai tsoka na dukiyarta don kare itatuwan Kalifoniya, kuma akwai kurmi mai sunanta a gandun Montgomery Woods.

Shekara nawa busasshen tsiro zai yi?

Akwai waɗanda ɗaliban masanin tsirrai Luca Ghini suka matsa a Italiya tun shekarun 1500, kuma har yau ana duba su. Abokan gaba uku ne: danshi, haske, da ƙwari, musamman wani ɗan ƙaramin ƙwaro ruwan ƙasa da ke cin busasshiyar taba, wanda tsutsarsa ke fara wa fure ta mayar da shi gari. A zamanin Mexía guba mai sinadarin makuri ake shafa wa samfura, don haka mai taɓa tsofaffin takardu ya sa safar hannu, ya wanke hannu bayan ya gama.

Yanzu sanyi ake amfani da shi. A rufe samfura a leda, a sa a firiza mai digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifiri na mako guda, a fitar, a bar ledar a rufe kwana ɗaya kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan takardun. Inda wuta ke ɗaukewa firiza ta narke a tsakiyar mako, lissafin daga farko zai koma.

Ita kaɗai ce ta fara da girma haka?

Ba ita kaɗai ba. Mary Richards, 'yar Birtaniya, tana da shekara 65 ta isa arewacin ƙasar da yanzu ake kira Zambiya a 1951, ta yi fiye da shekara ashirin tana aika wa Kew tsirran yankin da na Tanzaniya. A namu ɓangaren, John Dalziel likita ne a Arewacin Najeriya, yana tara tsirrai a gefe, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Sai da ya bar aikin likita ya koma Kew ya haɗu da John Hutchinson suka rubuta kundin tsirran Afirka ta Yamma, a daidai shekarun da Mexía ke yawo a Meksiko da Barazil. Sana'a ce da ta fi buƙatar ido, da haƙuri, da iya zama da mutane, kuma shekaru ba sa rage waɗannan.

Wanda ke ƙasar Hausa yana so ya fara, ta ina zai soma?

Ya fara da zuwa herbariyom kafin ya yanki ko ganye ɗaya. Akwai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mafi girma a Najeriya kuma yana Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. A can zai ga yadda kyakkyawan samfuri yake, ya ji abin da suke buƙata da yadda suke son takardar bayani.

Zamanin da mutum zai cika akwati ya tsallaka iyaka ya wuce. A gona a nemi iznin mai gona, a daji na mai gari, a gandun gwamnati na hukumar da ke kula da shi, a rubuce. Fitar da samfuri waje yana buƙatar takardu, saboda yarjejeniyar CITES kan cinikin tsirrai da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, da ta Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu. In tsiro ƙwaya kaɗan ne a wurin, hoto ya wadatar.

Yanayinmu yana da nasa sauƙi da nasa tarko. Da hunturu, katakon matsi a inuwa mai iska ya kan busar da yawancin tsirrai cikin 'yan kwanaki ba tare da wuta ba. Sai dai ciyayi da ƙananan tsirrai a ƙarshen damina suke fure, wajen Satumba da Oktoba, lokacin da funfuna ke da ƙarfi, don haka a tanadi jarida da yawa tun kafin lokacin. Itatuwa da dama kuma da rani suke fure babu ganye, sai a yi wa itacen alama a komo da damina a ɗauki ganyensa da sabuwar lamba, a rubuta cewa itace ɗaya ne. Gawo ya saɓa wa sauran, da damina yake zubar da ganye. Ƙayar bagaruwa da ta aduwa a danne ta da katako kafin a rufe jarida, in ba haka ba ta huda kwali. Ruwan tinya da na tumfafiya suna yi wa ido illa, a yanka su da safar hannu, fuska a kauce. Kuma kada a ajiye dami a ƙasan ɗaki ko jikin bango, gara ba ta bambanta samfuri da tsohuwar jarida.